Ina Son Buɗe Situdiyo, Amma Makullin Sito Yana Hannuna

Assalamu alaikum, Yaya. Ni magidanci ne ɗan shekara 34, ina zaune a Maradi a gidan haya da matata da ƴaƴa uku, mahaifina kuma yana hannuna. Shekara takwas ke nan ina riƙe da makullin sito a wani kamfanin sayar da kayan gini, albashina jika 130 na sefa a wata. Tun ina ɗalibi nake son haɗa sauti. Shekara biyu da suka wuce na sayi kwamfuta ta hannu, na koyi aikin da dare. Bara na haɗa wa ƙanwar matata waƙar biki, wani abokina ya rera, sai ta bazu a WhatsApp, tun daga nan ake nemana. A wata goma na yi waƙa 11, ana ba ni jika 15 a kowace, wasu har yau ba su cika ba, kuma kowace tana cin mini dare uku ko huɗu. Abokin nawa ya ce in ajiye aiki mu kama shago mu buɗe situdiyo, mu haɗa da hayar sono, wato manyan lasifikan biki, ni in kawo kuɗi shi ya kawo murya da jama'a. Akwai jika 900 da muka tara don sayen fili. Matata ta ce ba ta hana ni ba, amma tun ranar ba ta sake walwala ba. Baba ya ce mu ba gidan roƙo ba ne. Maigidana Alhaji bai sani ba, kuma sau biyu a watan nan na makara saboda kwanan zaune, har ya yi mini magana. Zuciyata tana wajen sautin nan, ina ganin in ban yi yanzu ba, ba zan taɓa yi ba. In ajiye aikin ne, ko in haƙura da waƙar?

Ƙaninka, daga Maradi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganarka ta ƙarshe, cewa in ba ka yi yanzu ba, ba za ka taɓa yi ba. Wannan tsoron shi ke hana mutum barci, ya sa ya ga kamar shekarunsa na zubewa a ƙofar sito yana ƙirga buhunan simintin wani. Ba zan ce maka son sautin nan ruɗin ƙuruciya ne ba. Mutumin da zai wuni a tsaye, ya dawo gida ya zauna gaban kwamfuta har tsakar dare shekara biyu cur, ba wanda ya sa shi, abin a jininsa yake. Kuma mutum goma sha ɗayan nan ba don kunya suka zo maka ba, aikinka suka ji ya yi musu.

Sai dai ka tambaye ni kamar hanya biyu ce kawai a gabanka, ni kuwa ina ganin ta uku. Kada ka ajiye aikinka bana, kuma kada ka rufe kwamfutar. Ka bar albashi ya ciyar da gida, sana'ar kuma ka rene ta a gefe har ta yi ƙwari. Na san an ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma makarar da ka yi ta fara nuna gaskiyar maganar. Amma halin wanda ya saki reshe ya kama ganye ya fi wannan muni, musamman in akwai tsoho da ƙananan yara a ƙarƙashin bishiyar.

Mu yi lissafi da alƙaluman da ka ba ni da kanka. Waƙa 11 a jika 15 ta kama jika 165 a wata goma, in ma kowa ya biya. A wata goman nan albashinka ya shigo gida da miliyan ɗaya da jika 300. Kafin waƙa ta maye gurbin jika 130, sai ka yi tara a kowane wata, in kuma kuna raba kuɗin biyu da abokinka, sai 18. Ba mu sa hayar shago ba, ba mu sa wuta da haraji da gyaran kaya ba. Gaskiya ne in ka bar aiki za ka sami wuni guda naka, hannunka zai ƙara sauri, amma yawan lokacinka ba ya ƙara yawan amare a gari. Abin da idonka ya gani zuwa yanzu mutum ɗaya ne da ɗan ɗori a wata.

Ka kuma san yadda shekarar biki take a garin nan. Bayan kaka, in an sayar da gero da wake da gyaɗa, aure ya yi ta tashi, haka ma gab da azumi kowa na gaggawar a kai amarya ɗakinta. Azumi na kamawa kiɗa ya ɗauke wata guda, damina na sauka kuɗin mutane ya tafi iri da taki. Cefanen gidanka da maganin Baba kuwa kullum ne. Ba mu manta da abin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba, da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya, sai a farkon 2024 abubuwa suka fara daidaita. Numfashin Maradi a haɗe yake da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. In hanyar ta tsaya kasuwa ta kwanta, kuma a hidimar biki waƙa ce ake fara sokewa kafin a taɓa tukunya. In kamfaninku ya yi maka rajista a CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, to shekarunka takwas suna can ana ƙirga maka su don fansho, ga kuɗin iyali, ga kariya in hatsari ya same ka a bakin aiki. Ka leƙa ofishinsu ka tabbata ana zuba maka, don ka san iyakar abin da ake ce maka ka bari.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka, wanda kai ka faɗe shi a gurguje, wato Alhaji bai sani ba. Ƙanena, makulli ne a hannunka. Ka yi tunanin ranar da za a ƙirga kaya a ga buhun siminti ashirin ko bandir biyu na kwano ba su cika ba, ko da kuskuren rubutu ne ko na direba, sannan a ranar wani ya ce ai mai sito ya buɗe situdiyo, har kaya ya sayo daga Kano. Ko cikinka fari ne fat, zargi ya riga ya shiga, kuma amanar shekara takwas tana iya tsagewa a yini guda in zargi ya shige ta. Irin wannan abu ba ya ɓoyuwa a Maradi. Waƙar da ta zaga WhatsApp tana iya kasancewa a wayar Hajiyarsa yanzu haka. Ka riga kowa gaya masa.

Kafin ka je, ka fara gyara makarar. Ka yi sati uku ko huɗu kana riga kowa isa bakin sito, sannan ka nemi ganinsa shi kaɗai, ba a gaban lebura ko masu saye ba. In ka saba zuwa gaishe shi gida, can ya fi. Ka fara da ba shi haƙuri a kan ranakun nan biyu, sannan ka ce masa kana da ƴar sana'ar haɗa sauti da kake yi a gida bayan an tashi, ita ta sa ka makara, ka gyara, kuma ka fi so ya ji daga bakinka. Ka roƙe shi a yi ƙidayar kayan sito yanzu a sa hannu, a riƙa maimaitawa lokaci zuwa lokaci. Wannan roƙon kaɗai zai nuna masa irin mutumin da ya ba makulli. Rasiɗin duk abin da za ka saya na sauti ka adana shi, ko na waya ɗaya ce.

Shi ma ka dubi abin ta wajensa. Dattijon da ya daɗe a kasuwa ya ga yara da yawa da suka kama wata harka suka bar tasa ta lalace a hannunsu. Abin da yake son ji shi ne motarsa ba za ta tsaya da sassafe da kaya tana jiran makulli ba. In ya ɓata rai kada ka yi musu, ka nemi ya ba ka wata uku ya ga kamun ludayinka. In ya ce sam bai yarda ba, ko a nan ba ranar za ka yanke hukunci ba, ka dawo mu sake shawara. Wayar kamfani da babur ɗin kamfani da lokacin kamfani kuwa, kada ko ɗaya ya shiga harkar nan. Mai son waƙa in ya kira ka da hantsi, ka ce masa sai an tashi.

Ta fuskar doka, dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ce ke tsakaninku, tare da takardar kwantaragin da ka sa wa hannu. Ƙa'idar ita ce ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yana iya yin wata sana'a a wajen lokacin aikinsa muddin ba ta yi gogayya da kamfanin ba, ba ta ɓata aikin da aka ɗauke shi dominsa ba, kuma kwantaragin bai hana ba. Waƙa ba ta gogayya da siminti, amma makara tana ɓata aiki. Ka ɗauko takardar ka bi ta layi layi, in wani wuri ya shige maka duhu ka kai ta ofishin sufeton ƙwadago su warware maka. Ku kuma masu karatu da ke aikin gwamnati, hukuncinku daban ne. Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci iri ɗaya wadda Nijar ke cikinta, ta faɗa a sashe na 9 cewa aikin gwamnati da zama ɗan kasuwa ba sa haɗuwa, don haka kada ku ɗauki amsar nan taku ce.

Maganin makara shi ne ka yanka wa sautin lokacinsa. Dare uku a sati ya isa, daga bayan isha zuwa sha ɗaya, sai ranar hutunka. Sha ɗaya na yi ka kashe, ko waƙar na tsakiya. Kunnen da ya gaji ba ya jin gaskiya ma, abin da ka haɗa ƙarfe biyun dare sau da yawa za ka wayi gari ka ji dole a sake shi.

Maganar sono ka ajiye ta gefe gaba ɗaya. Abokinka ya haɗa sana'a biyu da suka yi kama a ido amma hanyarsu daban. Haɗa sauti aikin ɗaki ne, kai ke sa masa lokaci, kuma kwamfuta da katin sauti da abin kunne ba sa cin wuta sosai, fano na hasken rana da batir mai kyau za su riƙe su in NIGELEC ta ɗauke. Sono kuwa manyan lasifika ne da amfili da gurup, wato janareta, da mansa, da adaidaitar da za ta kai kaya, da yaran da za su ɗauka su tsare. Biki ba ya jiran ka tashi daga aiki, kuma ranar da lasifika ta ƙone ko ruwa ya sauka a kan kaya, asarar a wuyan wanda ya sa kuɗi take. Kuɗin filinku zai iya narkewa a nan kafin ka ga ribar wata ɗaya.

Tunda na ambaci fili, mu zo ga uwargida. Ta ce ba ta hana ka ba, sannan ta daina walwala. Ka saurari shirun fiye da maganar. Kai da kanka ka rubuta "muka tara". A cikin kowace jika da ke wurin akwai naman da ba a saya ba, akwai atamfar sallah da aka haƙura da ita. A wajenta filin nan shi ne ranar da za ta daina jin sallamar mai gidan haya a ƙarshen wata, ranar da ƴaƴanta za su ce gidanmu. Ta yi shiru ne don ba ta so gobe a ce ita ta tare maka arziki, balle da bikin ƙanwarta abin ya fara. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka buɗe mata lissafin nan kamar yadda na buɗe maka, ka fara da gaya mata cewa ba za ka bar aiki ba. Sannan ka nemi ta yarda ka ranci jika 200 daga kuɗin, 700 su zauna ba mai taɓa su, kuma rabin duk abin da sauti ya kawo ya riƙa komawa asusun fili har rancen ya cika. In ta ce 150 za ta iya, to 150 ɗin. Kada ka taɓa ɗan kunnenta ko tumakinta, kada kuma ka sa ta ciyo maka bashi a ƙungiyarsu ta mata. A yankin nan namu aka fara tsarin asusu da bashi na Mata Masu Dubara a 1991, daga nan ya yaɗu ƙasashe da dama, kuma ƙarfinsa shi ne kowace mace ta san abin da ya shiga akwati da abin da ya fita. Matan garin nan sun iya riƙon asusu. In tana so, ka ba ta littafin sana'ar ta riƙe, kuɗin sauti ya zauna daban da na cefane. Za ka ga wanda yake ganin alƙaluma da idonsa ba ya kwana da fargaba irin ta wanda aka bari a duhu.

Da ɗan kuɗin nan ka fara da abin da ya fi taɓa ingancin murya, wato makirufo ɗaya mai kyau, katin sauti, da abin kunne mai rufe kunne ruf. In da saura, ka sayi na'urar daidaita wuta da faifan ajiya na waje, domin kwamfutar hannu tana iya mutuwa ana gobe biki da waƙar mutane a cikinta. Fiyanon Yamaha PSR da ya cika situdiyoyin Kano abin so ne, amma ana iya aronsa ko hayarsa ranar da ake buƙata. In Kano za ka sayo kaya, ka haɗa canjin naira da kuɗin mota da na duwan, wato kwastan, a lissafi, kuma kada ka biya sai an jona an gwada a gabanka. Ɗakin da ake ɗaukar murya yana da tasiri kamar makirufon kansa. Labule mai nauyi, darduma da tsohuwar katifa a jikin bango suna kashe amsa-kuwwa, kwalin ƙwai da ake mannawa kuwa ba ya tare ƙarar waje. Rufin kwano in ana ruwa ba a ɗaukar komai a ƙarƙashinsa, fanka dole a kashe ta lokacin ɗauka, ƙurar hunturu kuma tana kashe kaya in ba a rufe su. Shago kada ka kama tukuna. Amma kuma kada ka mayar da gidan matarka wurin shigar baƙin maza da dare. In gidan yana da zaure ko ɗakin waje ka yi amfani da shi, in babu, ka biya awa ɗaya ko biyu a situdiyon wani a ɗauki murya, ka dawo gida ka haɗa abinka.

Abokinka ban san shi ba, ba zan zarge shi ba, kuma muryarsa jari ce ta gaske. Sai dai ka dubi abin da kowannenku zai rasa in abin ya rushe. Shi zai ɗauki muryarsa ya shiga wani situdiyo washegari, kai ka wayi gari ba aiki ba fili. Shi ya sa gaggawar ta fi masa sauƙi. Ka ce masa kaya naka ne, ku yi aiki waƙa waƙa, kowace a raba kuɗinta bisa kason da kuka yarda. Ku rubuta, da shaidu biyu. In ya ce ai tsakaninmu ba sai da takarda ba, ka tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A takardar ku faɗi kason kowa, wanda zai karɓi kuɗi daga mai biki, mai kiɗan in kun rabu, sunan wanda ke kan shafin YouTube ko TikTok, da yadda za a yi da liƙi in ya je ya rera waƙar a filin biki. Waƙoƙin da kuka ƙirƙira ku kai su hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, a yi musu rajista da sunan kowa da abin da ya yi. YouTube kuwa ka ɗauke shi allon talla a yanzu. Kafin su fara raba kuɗin talla da mai shafi suna neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12, kuma ba kowace ƙasa tsarin ya shafa ba.

Jika 15 a kan aikin dare huɗu ta yi kaɗan, kuma bashin da ake bin mutane ya ƙara rage ta. Ga sababbin masu zuwa ka ɗaga farashi, ka karɓi rabi kafin ka kunna kwamfuta. In ka gama ka tura musu ɗan guntu su ji, cikakkiyar kuwa sai cikon kuɗi ya shigo, domin waƙa in ta shiga waya ɗaya ta fita hannunka, Xender da memori sun raba ta gari kafin magariba. Mai biki ya rubuto sunayen da za a ambata da hannunsa, gyara ɗaya kyauta, na biyu da kuɗi. Ƴan'uwa za su fi ba ka wahala a nan, ka yi musu ragi a fili amma kada ka yi musu bashi. Na Tasawa da Dakwaro da Madarumfa su aiko ta Nita ko Amana ko Airtel Money.

Kada kuma ka tsaya a waƙar biki kaɗai. Maradi garin ƴan kasuwa ne, kuma tallar rediyo ta rabin minti ko minti ɗaya ba ta cin dare huɗu. Akwai makarantu masu zaman kansu da ke neman ɗalibai gab da komawa karatu a Oktoba, akwai ƙungiyoyi masu saƙon faɗakarwa, akwai masu ƙasidu, akwai karatun malamai da ake ɗauka da azumi yana buƙatar a tace shi a cire masa hayaniya. Irin waɗannan ne za su cike maka watannin da ba biki. Su ne kuma za su fara tambayarka takardar kuɗi mai lambar haraji ta NIF, to a lokacin sai ka je ofishin ƴan kasuwa ka tambayi teburin kafa kamfani. Tun 2010 dokar OHADA ta tanadi matsayi mai sauƙi ga mai ƙaramar sana'a shi kaɗai, wanda ake shiga da sanarwa a rajistar kasuwanci. Amma wannan bayan ka gama da Alhaji ne.

Maganar Baba ba ta tsufa ba ce kawai, ka ba ta haƙƙinta. Ya tashi a zamanin da kiɗa da roƙo gado ne, kowa ya san gidajen da ke yi, kuma abin da yake gudu shi ne ya fito masallaci a ce masa an ga ɗansa a filin biki yana wasa mutane don a ba shi. Wataƙila akwai damuwar addini ma a ƙasan maganar. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, ni kuma ba mai fatawa ba ne. Ka je wurin malamin da kai da Baba kuka yarda da shi, ka faɗa masa ainihin abin da kake yi ba tare da ka ƙawata ba, ka ji abin da zai ce. Shi kuma Baba ka nuna masa aikin da idonsa, cewa a ɗaki kake, an yi ciniki an biya kamar yadda ake biyan tela. Ka ɗaukar masa alkawarin da za ka iya cikawa, cewa zambo da habaici da batsa ba za su fita ta hannunka ba, ko nawa aka ba ka. Akwai wani abu kuma da nake so ka yi ko da maganar nan ba ta taso ba. Ka zaunar da shi gaban makirufon ya ba da tarihin gidanku, daga ina kakanninku suka zo, wa ya haifi wa, ka tace ka sa masa a wayarsa, ka ajiye wa jikokinsa. In duk da haka ya ce bai yarda da waƙar ba, ka riƙe talla da karatu da faɗakarwa ka ci gaba da lallashi. Na fi so ka yi tafiyar hawainiya da albarkarsa.

To yaushe za a bar aikin? Doka ta ba ka kwana biyu da rabi na hutu a kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara. Ka nemi hutun nan naka ya faɗo lokacin da biki ya fi yawa, ka yi watan nan kamar ba ka da wata sana'a sai sauti, uwargida ta rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Abin da ka samu a watan da ya fi kowane albarka shi ne rufin ɗakin, sauran watanni ƙasa da shi za su zo. Ni ba zan ba ka shawarar ajiye makulli ba sai ribar da ta rage a hannunka, bayan an cire kason abokinka da duk ɗawainiya, ta kai albashinka wata shida a jere, kuma cikin shidan akwai azumi ko damina, rancen fili ya koma wurinsa, sannan akwai cefanen wata shida a ajiye. In ranar ta zo ka ba Alhaji sanarwa da wuri, ka koya wa wanda zai gaje ka, a ƙirga kaya a sa hannu, ku rabu yana sa maka albarka. Tana yiwuwa kuma ka tarar abin ya fi maka daɗi a yadda yake, aiki da rana, sauti da dare uku, har ka ɗauki wani yaro ka koya masa ya riƙa karɓar masu zuwa. Mutane da yawa a garin nan da sana'a biyu suka gina gidajensu.

A satin nan abu biyu kawai nake so ka yi. Ka zauna da uwargida da littafi, kuma ka fara riga kowa isa bakin sito. Bayan ka ga Alhaji ka rubuto mini abin da ya ce, tare da jimillar bashin da kake bin masu waƙoƙin nan 11, mu ga yadda za a karɓo shi ba tare da an ɓata zumunci ba. Ka gaishe mini da Baba.